Gem ɗin binciken laifi a waya: wanne ne ya cancanci cajinka da datarka?

A Fagam da ke ƙaramar hukumar Gwaram, da sauran garuruwan kudancin Jigawa har zuwa Birnin Kudu, cajin waya abu ne da ake lissafi a kansa. In babu wuta sai a kai wa mai caji a biya, ga data ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Matashin da zai sauke gem ɗin binciken laifi ya kamata ya san abin da zai ƙona batirinsa a kai, domin abin da Play Store ke kira "detective" iri biyu ne, kuma tazararsu da nisa.

Wanda aka fi sani shi ne irin su Criminal Case, wanda kamfanin Pretty Simple na Faransa ya fitar a Facebook a 2012. Za a nuna maka hoton wurin da aka yi kisa, a ce ka nemo wuƙa, agogo, takalmi, cikin sauri. Yana da daɗi a kwanakin farko. Amma in mutum ya lura, gem ɗin ne ke haɗa hujjojin da kansa, aikinka danna allo kawai. Kowane bincike yana cin "ƙarfi", in ya ƙare sai ka jira ko ka saya, sakamakon gwajin da ka aika ɗakin bincike ma yana iya ɗaukar sa'o'i. Da gangan aka tsara wannan jiran, don nan ne kuɗin kamfanin ke fitowa.

Ɗaya irin kuwa kai ne ɗan sandan cikin da gaske. Her Story na Sam Barlow, wanda ya fito a 2015, misali ne mai kyau. Za a zaunar da kai gaban tsohuwar kwamfutar 'yan sanda mai ɗauke da gajerun bidiyo 271 na tambayoyin da aka yi wa wata mata a 1994 bayan mijinta ya ɓace. Babu taswira, babu mai nuna maka hanya. Za ka rubuta kalma, a fito maka da bidiyon da ta furta kalmar a ciki, amma biyar na farko kaɗai. To a nan dabarar take: dole ka kasa kunne, ka tsinci wani suna ko wuri da ya suɓuce mata, ka sake nema da shi. Mutum biyu za su buga shi su bi hanyoyi daban, har su yi gardama a kan abin da ya faru. Biro da takarda suna da amfani a nan fiye da saurin yatsa. Labarin dai na manya ne, kada a miƙa wa ƙanne.

Ga mai son wasa ƙwaƙwalwa zalla akwai Professor Layton and the Curious Village, na kamfanin Level-5 na Japan. A kan Nintendo DS ya fara fita a 2007, aka kawo shi Android da iPhone a 2018. Farfesan da yaronsa Luke suna binciken wata dukiyar gado a wani ƙauye, duk wanda suka tunkara sai ya jefo musu kacici-kacici. Bahaushe ba zai ji baƙunta ba: wanda ya san wasan tsallakar da kura da akuya da ciyawa a kwalekwale zai gane ɗan'uwansa tun farko-farkon gem ɗin, inda ake tsallakar da kyarketai uku da 'yan tsaki uku.

Matsala biyu ce ke jiran ɗan Fagam. Ta farko Turanci: waɗannan biyun ba su da Hausa, kuma kalma ɗaya da ba a fahimta ba tana iya ɓatar da hujja. Ƙamus ɗin da ke aiki ba tare da intanet ba yana rage wannan wahalar. Ta biyu, duka biyun na kuɗi ne, sau ɗaya ake biya. Nan ne wasu ke komawa ga fayil ɗin APK da aka fasa, wanda abokai ke turawa ta Xender. Wanda ya fasa shi yana iya cusa duk abin da ya ga dama a ciki, kuma a wayar nan ne manhajar bankinka take, nan ne lambobin sirri ke shigowa ta saƙon tes. Duk gem ɗin da ya nemi izinin karanta saƙonninka, goge shi nan take.

Kafin saukewa, a duba girman fayil ɗin a shafinsa na Play Store, a kuma duba ko an rubuta cewa akwai tallace-tallace ko sayayya a ciki. Bayan an sauke, a kashe data a buɗe shi, a ga ko zai tashi.