Yadda Uwa Za Ta Koya Wa Yaro Yi Wa Kansa Abu

Matar da ke zaune a gida ita ce malamar ɗanta ta farko. Yaro yana shiga aji ɗaya na firamare ne yana da shekara 6. Kafin nan, kusan duk abin da ya iya a tsakar gida ya koye shi. Masana lafiya sun ce yaro ɗan shekara 5, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum.

Aiki ya yi wa uwa yawa. Ga daka, ga girki, ga wanki, ga sana'ar ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula. Saboda sauri sai ta riƙa ba yaro abinci a baki, ta sa masa riga, ta nemo masa takalmi. Yau an yi sauri, amma yaron bai koyi komai ba. Ranar da ya je makaranta sai ya tsaya yana kuka, don ya kasa kwance mazagin wandonsa.

Da an yaye yaro, wajen shekara 2, a zuba masa abinci a ƙaramin kwanonsa ya ci da kansa. Zai ɓata jiki, zai zubar. Wannan ba ɓarna ba ce, koyo ne. Ɗan shekara 3 zai iya sa takalminsa, ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan ya zaga. A ajiye masa ƙaramar buta inda hannunsa zai kai.

Daga shekara 4 zuwa 5 sai a ba shi aiki ɗaya da ya san nasa ne kullum: watsa wa kaji tsaba, naɗe tabarma, ko tsince wake. Uwa ta nuna masa sau biyu ko uku, sannan ta janye hannu. Idan ya naɗe tabarma a karkace, kada ta gyara a gabansa tana faɗa. Yaron da ake yi wa tsawa kan kowane kuskure yakan daina gwadawa. Kuma har da yara maza. Tsintsiya ba ta cizon namiji.

A cikin aikin ne ake koyar da lissafi. A ce ya kawo cokali 4, ko ya ƙirga kaji da magariba. Uwar da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci tana iya rubuta harafin farko na sunansa a ƙasa, shi kuma ya bi da yatsa.

Sai dai koyarwa daban, ɗora wa yaro nauyi daban. Ba a aika ƙaramin yaro bakin rijiya, ba a barinsa kusa da murhu ko tafasasshen mai. 'Yar shekara 5 ba ta isa a bar mata jariri ba, ba ta kuma isa a ɗora mata talla ba. Kananzir da maganin ƙwari a ajiye su can sama, kada a zuba su a kwalbar lemo, don yaro zai ɗauka abin sha ne. Ɗan ƙasa da shekara 4 kuwa kada a ba shi ƙwayar gyaɗa ya yi ƙirga da ita, domin zai iya jefa ta a baki ta shaƙe shi. A ba shi totuwar masara.