Ziyara Zuwa Ƙauyen Rum: Al'adu da Harshen Badawiyyai

Gabatarwa

A wannan 'yar muƙala zan yi bayanin abin da na gani kuma na ji a ƙauyen Rum, mazaunin Badawiyyai, wato Larabawan da asalinsu makiyaya ne masu yawo a hamada. Ƙauyen yana cikin kwarin Wadi Rum a kudancin ƙasar Jodan, kimanin kilomita 60 gabas da birnin Aƙaba. Yawancin mazaunansa 'yan ƙabilar Zalabiya ne.

Tarihi a Jikin Duwatsu

Abin da ya fara jan hankalina shi ne rubuce-rubucen da ke jikin duwatsu. A shekarar 2011 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya, saboda akwai zane-zane kimanin 25,000 da rubuce-rubuce kimanin 20,000. Wasu da rubutun Samudawa aka yi su, wasu da na Nabatawa, wasu kuma da Larabci. Yawanci sunan mutum ne da na ubansa, ko addu'a, ko zanen raƙumi. Wannan ya nuna cewa makiyayan dā sun san rubutu tun kafin zuwan Musulunci.

Ɗakin Gashi da Gahawa

Duk da cewa yau a gidajen bulo suke zaune, ba su rabu da tantinsu ba, wanda suke kira baitush-sha'ar, wato ɗakin gashi. Mata ke saƙa shi da gashin awaki. Idan ruwa ya taɓa shi sai zaren ya kumbura ya toshe kafofi, da zafi kuwa iska ta riƙa ratsa shi. Labule ya raba shi biyu: ɓangaren maza da baƙi, da ɓangaren iyali.

Da gahawa suke tarbar baƙo. Mai gida zai soya ta, ya daka a turmi, ya haɗa da wani ɗan yaji mai ƙamshi da suke kira hel. Shi zai fara ɗanɗanawa, sannan ya miƙa wa baƙo. Da hannun dama ake karɓa, kuma ba a wuce kofi uku. Wanda ya ƙoshi sai ya girgiza kofin. Wanda ya zo da buƙata, kamar neman aure ko sulhu, ajiye kofin yake yi bai sha ba sai an amsa masa. Da dare sukan rera waƙoƙin baka da rababa, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya kamar kukuma.

Karin Harshensu

Harafin da muke karantawa ƙaf, su g suke furta shi: ƙala ta koma gal, baƙar (shanu) ta koma bagar. Haka Larabawan Shuwa na Borno da Cadi suke yi. Har wa yau, Badawiyyai da yawa sukan saƙa wasalin a bayan sautin maƙogwaro, shi ya sa ƙahwa ta zama gahawa. A nan ɗalibi zai lura da abin sha'awa: alƙali da alƙalami suna da ƙ irin na karatun littafi, amma gahawarmu ta yi daidai da furucin mutanen hamada. Ke nan siffar kalmar aro kan nuna bakin da ta fito.

Kammalawa

UNESCO ta sanya al'adun Badawiyyan Petra da Wadi Rum cikin gadon 'yan Adam a shekarar 2008, domin suna fuskantar barazana. Yawon buɗe ido ya zama babbar sana'a, mota ta maye gurbin raƙumi a yawancin ayyuka. Idan sana'a ta mutu, kalmominta ma bin ta suke yi: sunayen raƙuma bisa shekarunsu, da na tsirrai, da na taurarin da ake bi a tafiyar dare. Rubutun dutse zai jira mai bincike, amma abin da ke bakin dattijo ba ya jira. Saboda haka ina kira ga 'yan uwana ɗalibai, mu tattara kalmomin fatauci da rini da saƙa tun masu su na raye.