Daga zaure zuwa cikin gida: Yadda aikin riga ya zama kasuwancin iyali a birnin Zazzau

Duk wanda ya san birnin Zariya ya san cewa babbar rigar da manyanmu ke saɓawa a kafaɗa ranar Juma'a ko ranar hawan Sallah daga gidajen mutane take fitowa. Akwai wani gida da na daɗe ina hulɗa da shi, wanda tarihinsa ya ishi mai karatu misali.

Kakan gidan malamin allo ne. Kamar yawancin malaman zamaninsa ba shi da albashi, allura ce ke ciyar da shi tsakanin karatun safe da na yamma. Hannun nan da ya saba da alƙalami da tawada shi ke zana aska biyu ko aska takwas a ƙirjin riga, da tambari a gadon baya, sannan manyan almajirai su zauna a zaure su bi zanen da zare. A wancan lokaci saƙi ne tufar, zaren kuwa tsamiya, mai hali ya sa a yi masa shafi da alharini, silikin da fatake ke ƙetarowa da shi ta Sahara. Riga guda takan ci watanni, kuma ba a fara ta sai da mai ita.

A hannun 'ya'yansa al'amarin ya sauya. Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya cika kasuwa da shadda, sai kuma ga mulkin farar hula a 1979, lokacin da Alhaji Shehu Shagari ya karɓi ragamar ƙasa. Kaki ya ja baya, kowane ɗan siyasa da ɗan kwangila yana neman riga ta fita kunya. Aiki ya fi ƙarfin zaure, ga samari sun tafi boko da aikin gwamnati. Dole aka tura rigunan cikin gida, matan da a da hula kaɗai suke ɗinkawa suka karɓi aikin da ake ɗauka na maza ne.

A ganina a nan ne sana'ar ta zama kasuwanci. Ɗa guda ke zuwa Kano, ya sayo yadi a Kantin Kwari, zare a Ƙofar Wambai. Wani ke zane. Yara ke raba aikin gida-gida, wannan ta yi aljihu, waccan ta yi baya, a haɗa, a kai wa mabuga, dillali ya ɗauka sai Kaduna ko Legas. Da tsarin SAP na 1986 ya karya darajar Naira, albashi ya daina kai wata, kuɗin allurar matan nan ne ya riƙe tukunya, ya yi wa 'yan mata kayan ɗaki. Amma har yau su ne masu ƙaramin rabo a cinikin, kuma mai rigar bai ma san da su ba.

Yanzu jikoki ke riƙe da gidan. Sun sayi keken kwamfuta, suna tallar kaya a WhatsApp da Instagram, kuma abin da hannu ke yi a makonni keken na gama shi a yini. Ban ga laifinsu ba, domin mu 'yan boko mu muka kora su can. Mukan biya kuɗin shaddar Getzner ba tare da tayi ba, amma da an faɗi ladan aikin hannu sai mu hau ciniki kamar masu sayen tumatir.

Abin da ke damuna shi ne keken kwafa kawai yake yi. Zanen da ke cikinsa daga tsofaffin rigunan kakan aka ɗauko shi, kuma kowane shago na iya ɗaukar hotonsa ya buga ba tare da biyan ko kwabo ba. A duk gidan dattijo ɗaya ya rage da zai iya shimfiɗa shadda ya zana aska takwas da ka, idonsa ya fara rauni, kuma cikin jikokin babu wanda ke zama kusa da shi in yana aiki.