Cikon haƙori: Shaidar da kan saura bayan wuta ta cinye fuska

Duk wanda ya tsaya bakin kwalta a Malbaza ya san yadda tankokin mai da manyan motocin siminti ke wucewa dare da rana tsakanin Birnin Konni da Maraɗi. Allah Ya kiyaye, amma idan irin wannan mota ta kama da wuta, ba mutuwa kaɗai ke addabar dangi ba, har da rashin gane gawar nasu. A watan Mayun 2019 wata tanka ta fashe kusa da filin jirgin saman Yamai, ta halaka mutum fiye da 55. A Majiya ta Jihar Jigawa kuwa, a Oktoban 2024, jana'izar bai ɗaya aka yi wa mutum fiye da 100.

A nan ne likitan haƙori ke shigowa. Haƙori ya fi kowane sashe na jiki jure wuta da ruɓewa, shi ya sa hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ta sanya shi cikin manyan shaidu uku na gane gawa, tare da zanen yatsa da ƙwayar halitta ta DNA. Tun gobarar wata kasuwar sadaka a birnin Faris a 1897 likitocin haƙori suka nuna amfanin wannan hanya.

Ciko iri biyu aka fi sani: mai launin azurfa, wanda ake haɗawa da zaiba, da kuma fari. Kowane kamfani da irin sinadaran da yake zubawa a farin cikonsa, kuma sinadaran kan saura ko bayan ƙuna mai tsanani. Masana a Buffalo ta Amurka sun yi amfani da hakan wajen tantance mamatan hatsarin jirgin sama na 2009.

Sai dai fa ciko ba ya kiran sunan mai shi. Dole a gwada shi da takardar da likita ya rubuta tun mutum na raye: wane haƙori, wane irin ciko, da hoton da aka ɗauka. Ga yanki kamar Tawa, inda samari ke tafiya ci-rani Najeriya da Libiya, wannan takarda na iya raba uwa da zaman jiran tsammani, ta kuma warware batun takaba da gado. Saboda haka wanda aka yi wa ciko ya nemi takardarsa, ya bar ta a gida kafin ya kama hanya.