Me ya sa mage ke tsotsar bargo?

Yau maganar mage za mu yi, ko kyanwa, ko mussa kamar yadda mutanenmu na Kabi da Sakkwato ke cewa.

Sanyin bana da ya sauko mana a nan Zuru, kusan kullum da asuba sai in tarar da gefen bargona ya jiƙe sharkaf. Ashe magen ƙanwata ce. Takan hau gado ta kama bargon ta yi ta tsotsa, tana dannawa da ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya, tana gurnani, ido a lumshe. Kakarmu ta ce wannan ba mage ba ce, a fitar da ita daga gidan. To, ba maita ba ce, ba kuma aljanu ba.

Wannan dannawar ita ce abin da 'yan kyanwa ke yi wa cikin uwarsu don nono ya zubo. Bargo mai laushi da ɗumi yana tuna mata jikin uwa, sai ta koma halin jarirai don hankalinta ya kwanta, kamar yaron da ke tsotsar yatsa. An fi ganin haka ga wadda aka yaye da wuri. Tamu, wata ɗaya kacal ta yi a duniya aka ɗauko ta daga bayan rumbun maƙwabta, don ɓeraye sun addabe mu. Laifinmu ne. A 2017 masu bincike a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland sun duba maguna sama da 5,000, suka gano waɗanda aka bari da uwa har mako 14 ba su cika irin waɗannan ɗabi'u ba. Akwai kuma gado, domin magunan Siyam, 'yan asalin Thailand, sun yi suna a kan tsotsar ulu. Kaɗaici ko sauya gida ma kan tayar da abin.

Tsotsar kanta ba ta da illa. Haɗiya ce matsalar. Harshen mage na da ƙananan ƙayoyi masu kallon ciki, shi ya sa in zare ya shiga bakinta da wuya ta iya tofarwa. Zaren kan naɗe hanji, har ya yanka shi. In kun ga tana amai, ta daina cin abinci, ko ba ta kashi, ku garzaya wurin likitan dabbobi. In kuma kun ga zare ya leƙo ta baki ko ta baya, don Allah kada ku ja.

Kar a doke ta, tsoro ƙara abin yake yi. Mu dai mun ɓoye rigunan sanyi masu zare, mun ware mata wani tsohon zani mai ƙarfi. Kaka har yanzu harararta take yi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.