Abin da Ya Kamata a Tarar a Jakar Sabon Jami'in Jin Daɗin Jama'a

Aikin jin daɗin jama'a sana'a ce ta tsayawa tsakanin mutumin da rayuwa ta matsa wa da hukumomi ko dangin da ke da ikon sassauta masa, kuma waɗanda suka fi buƙatarsa su ne marayu, da yaran da aka tsinta, da matan da aka ci zarafinsu, da masu buƙata ta musamman, da tsofaffin da ba su da mai kula da su, da 'yan gudun hijira. A Nijeriya an daɗe ana gudanar da shi a ma'aikatun harkokin mata, da ofisoshin walwala na ƙananan hukumomi, da manyan asibitoci, amma sai a dokar 2022 wadda ta kafa majalisar kula da sana'ar aka tanadi rajista da ƙa'idojin aiki na ƙasa baki ɗaya. Wanda ya kammala karatunsa aka tura shi ɗaya daga cikin waɗannan wurare, ko gidan marayu na Nasarawa a Kano, ko sansanin 'yan gudun hijira a Barno, zai tarar cewa ofis ba ya cika ba shi fiye da kujera da tebur, sauran kayan aiki kuwa shi zai tanada. Kayan ba su da yawa, ba su kuma da tsada, galibinsu takarda ce, sai dai kusan kowannensu yana ɗauke da sirrin wani, kuma a kan haka ya kamata a zaɓe su.

Na farkonsu littafin rubutu ne mai bango da ɗinki, wanda aka sa wa shafukansa lamba, tare da biro biyu ko uku. Tun a 1917 Mary Richmond, ba'amurkiyar da ake lissafawa cikin waɗanda suka aza harsashin sana'ar, ta fitar da littafinta Social Diagnosis, inda ta nuna cewa taimakon da ba a gina shi kan bayanan da aka tattara aka tantance ba zato ne kawai. Dalilin fifita littafi mai ɗinki a kan warwatsattsun takardu shi ne, abin da jami'i ya rubuta yau zai iya zama hujja a gaban alƙali bayan shekara guda, a shari'ar riƙon yaro ko ta ciyarwa, kuma shafin da aka yage ko aka goge yana rage wa hujja ƙarfi. Shi ya sa ba a amfani da fensir, kuskure kuma ana ja masa layi ɗaya ne a sa hannu a gefensa, ba a shafe shi. Kowace ziyara tana buƙatar kwanan wata da lokaci da matsayin waɗanda suka halarta, sannan a rarrabe abu uku da sababbin ma'aikata suka saba cakuɗawa: abin da ido ya gani, da abin da aka faɗa wa jami'i, da abin da shi ya fahimta. Rubuta cewa uwa ba ta kula da ɗanta hukunci ne, rubuta cewa an tarar da yaron da ƙarfe goma sha ɗaya bai karya ba kuma uwar ta ce babu hatsi a gidan tun jiya bayani ne, kuma na biyun ne ke da amfani ga wanda zai karanta daga baya. A cikin littafin da ake yawo da shi ba a rubuta cikakken sunan mutum, ana ba kowane lamari lamba ce, sunan kuma ya zauna a fayil ɗin da ke kulle a ofis, domin jaka tana iya faɗuwa a adaidaita sahu. Kwaɗon da ake rufe durowar fayil da shi, da ledar da ke kare takardu daga ruwan damina, suna cikin kayan aiki kamar yadda biro yake.

Wayar hannu ta zama dole, amma ita ce ƙofar da sirri ya fi saurin fita ta cikinta. Abin da ya fi dacewa shi ne a ware layi na musamman don aiki, a sa wa wayar lambar sirri, kuma a riƙe layukan kamfanoni biyu saboda ƙauyen da wannan ke kamawa wancan ba ya kamawa, tare da batirin ajiyar caji tun da ba a dogara da wutar lantarki. Ƙungiyoyin agaji da yawa a arewa maso gabas suna cike bayanansu ta manhajar KoboToolbox, wadda ke aiki ko babu intanet, ta aika bayanan idan an dawo inda ake samu. Hatsarin yana wajen hoto da kuma WhatsApp: hoton yaron da aka yi wa rauni, idan aka tura shi dandalin abokan aiki da niyyar neman shawara, ya fita daga hannun mai shi ke nan har abada. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiyar mutum cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, ta kuma nemi amincewar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro, saboda haka sakaci a wannan fanni ya wuce rashin ladabi, ya shiga saɓa doka.

Katin shaida da takardar gabatarwa daga ofis su ne ke buɗe ƙofar gida. A ƙasar Hausa baƙo ba ya faɗawa unguwa ya fara tambaya a kan 'ya'yan mutane ba tare da ya bi ta wurin mai unguwa ko dagaci ba, kuma jama'a suna da hujjar yin taka-tsantsan, musamman tun bayan Oktoban 2019 da 'yan sandan Kano suka ceto yara tara da aka sace aka kai Onitsha a jihar Anambra. Jami'in da ya isa da takarda mai hatimi, ya gaida mai unguwa, ya bayyana abin da ya kawo shi ba tare da ya tona asirin gidan da zai shiga ba, ya sami mai tsaya masa idan magana ta taso. Sutura ma tana cikin wannan lissafi. Gidajen da aka rubuta wa "ba shiga" ba sa barin namiji baligi ya wuce zaure, don haka lamarin da ya shafi matan aure yakan buƙaci jami'a mace, wadda mayafinta ko hijabinta zai sa a karɓe ta a tsakar gida a shimfiɗa mata tabarma. Ado mai tsada a gidan da ba a ɗora tukunya ba yana rufe bakin mai magana, ko da mai adon bai nufi haka ba.

Abin da ya fi komai daraja a jakar ba a sayar da shi a kasuwa, jami'i ne ke haɗa shi da kansa a watanninsa na farko, wato jerin wuraren da zai iya tura mutum. Jami'in jin daɗin jama'a ba likita ba ne, ba lauya ba ne, ba kuma ɗan sanda ba, yawancin amfaninsa yana cikin sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa da kuma lokacin da ya rage kafin ta rufe. Misalin da ya fi nuna haka shi ne na fyaɗe: maganin da ke hana kamuwa da cutar ƙanjamau bayan an auka wa mutum yana aiki ne idan an fara sha cikin awa 72, don haka jami'in da ya ɓata kwana uku yana neman inda zai kai yarinya ya jawo mata asarar da ba ta gyaruwa. Akwai cibiyoyin da aka keɓe don irin wannan, kamar Waraka a Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, inda ake haɗa magani da shawara da tattara shaidar da kotu za ta nema. Safarar mutane tana hannun hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003. Wanda ba shi da kuɗin lauya ana kai shi hukumar ba da tallafin shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Larurar ƙwaƙwalwa tana da asibitocin tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, da kuma na Dawanau a Kano. Rikicin aure kuma a jihohin da ke da Hisba sau da yawa can ya fara zuwa kafin ya iso ofishin walwala. Jerin suna kawai ba ya wadatarwa. Kowace lamba sai an kira ta an tabbatar tana shiga, an san sunan wanda ke ɗauka, da ranakun da ake buɗewa, da ko ana biyan kuɗi, sannan a kwafe shi a takarda domin ranar da waya ta mutu. Lambar gaggawa ta ƙasa, 112, tana saman jerin, ko da yake ba ko'ina take kawo ɗauki da wuri ba.

Kusa da wannan jeri ake ajiye kwafin dokokin da aiki ya rataya a kansu. Dokar haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 dokokin tarayya ne da ba sa aiki a jiha sai majalisarta ta amince da su, kuma jihohin arewa da dama sun yi musu gyare-gyare kafin su karɓa. Kano, alal misali, sai a 2023 aka sa hannu a kan tata dokar kare yara. Don haka kwafin da ke da amfani shi ne na jihar da mutum yake aiki, ba wanda ya karanta a makaranta ba. Haka nan ana riƙe takardun neman amincewa da na tura mutum wani wuri, tare da ƙaramar tawadar dangwala yatsa, domin da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa aiki ba su yi boko ba, ko da sun iya ajami. Dangwalen ba shi da ma'ana sai an karanta wa mutum abin da ke cikin takardar da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, an kuma gaya masa yana da ikon ƙi.

Mai aiki da yara yana buƙatar farar takarda da fensira masu launi, saboda yaro yakan zana abin da bakinsa ya kasa faɗa. Takardar ita ce kuma ake zana taswirar iyali a kanta, wato zanen da ke nuna maza da murabba'i, mata da da'ira, da layukan aure da saki da haihuwa. A gidan da ke da mata uku, da 'yan uba, da agola, da ɗan riƙo, da kakar da ke da ta-cewa fiye da maigida, wannan zane yana bayyana cikin minti goma wanda yake ciyar da yaro da wanda yake yanke hukunci a kansa, waɗanda sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. A sansanoni da karkara ana ƙara tef ɗin awon damtse mai launi uku, wanda ake auna yara 'yan wata 6 zuwa 59 da shi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, alamar tamowa mai tsanani da ke buƙatar asibiti nan take, daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore.

Kayan kula da kai ba sa buƙatar dogon bayani, sai dai mantawa da su na iya katse aikin yini. Gorar ruwa a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, da takalmi mai jure tafiya, da laima, da takunkumi don ƙurar hunturu da ɗakunan jinya, da sabulu ko man tsabtace hannu, da safar hannu, da tocila, da canjin kuɗin mota da aka ware daban. Jami'ai mata sukan ƙara zane da audugar mata don wadda aka tarar cikin halin da ba za ta iya fita ba. Kafin a bar ofis ana rubuta inda za a je da lokacin dawowa a bar wa shugaban sashe, kuma a yankunan da ke fama da matsalar tsaro ba a fita ziyara mutum ɗaya.

Akwai kuma abubuwan da gara a bar su a gida. Magani yana gaba, domin ba jami'i ne ke da hurumin ba da shi ba, ko da na ciwon kai ne. Kuɗin aljihu da za a riƙa miƙa wa mabuƙata yana biye, duk da cewa zuciya tana son haka kuma al'ada tana yaba shi, saboda albashin ƙaramin ma'aikaci ba zai ɗauki nauyin unguwa ba, kuma wanda aka ba yau zai ɗauki hanin gobe a matsayin wulaƙanci, maƙwabcin da bai samu ba kuma ya yi zargin son kai. Tallafin da ya fito daga ofis ko daga masu hannu da shuni yana bi ta rasit ne, da sa hannun mai karɓa da na shaida. Littafin rasit ɗin, da kundin ranakun zaman kotu da na komawa ziyara, da littafin rubutun da ya cika, duk mallakar ofis ne, kuma ranar da aka yi wa jami'i canjin wurin aiki yana miƙa su ga wanda ya gaje shi a rubuce, tare da bayanin inda kowane lamari ya tsaya.