Ƙaramar Na'urar Da Ke Kama Baƙin Hayaƙi A Salansar Mota

Dukkanmu mun taɓa tsayawa a bakin titi da safe, tifa ko tirela ta wuce ta bule mu da baƙin hayaƙi, har farin yunifom ya canja launi. Wannan baƙin ba komai ba ne illa kunkunniya, wato burbushin kabon da ya rage saboda man dizal bai ƙone gaba ɗaya a cikin inji ba. Idan muka kara cokali a kan harshen wutar kyandir, irinta ce za mu ga ta manne.

Wadda idonmu ke gani ma da sauƙi. Faɗin gashin kan mutum kusan maikromita 70 ne, amma yawancin ƙwayoyin kunkunniyar dizal ba su kai maikromita ɗaya ba. Gashin hanci ba ya tare su, sai su zarce can cikin huhu, suna tayar da asma da ciwon zuciya. A shekarar 2012, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a jerin abubuwan da ke haddasa cutar daji.

Don haka ne ƙa'idar Euro 5, wadda ta fara aiki a Turai a 2009, ta sa masu ƙera ƙananan motocin dizal suka koma sanya matata a cikin salansa. Da tangaran ake yin matatar, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Iska na ratsa bangon ramukan ta fita, kunkunniya kuma ta maƙale. Idan ta taru, sai kwamfutar mota ta ƙara zafin hayaƙin zuwa kusan digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, ta ƙone ta.

To, idan matatar ta tsage fa? Motar za ta ci gaba da gudu lafiya lau, direba bai san komai ba, mu da ke bakin titi kuwa muna shaƙa. A nan ne ake buƙatar na'urar gano kunkunniya, wadda makanikai ke kira sensa. A bayan matata ake ɗaura ta, tsawon kanta bai wuce na yatsa ba.

Yadda take aiki darasi ne da muka riga muka yi a ajin fiziks. A kan wani ɗan faranti na tangaran akwai siraran layuka biyu na ƙarfen filatinam, an shirya su kamar matsefi biyu da aka cusa haƙoransu a juna ba tare da sun taɓa ba. Tunda akwai tazara a tsakani, wutar lantarki ba ta wucewa. Amma kabon na ɗaukar wuta. Duk kunkunniyar da ta tsallake matata sai ta sauka a kan farantin, sannu a hankali ta yi gada tsakanin haƙoran, wuta ta fara wucewa. Kwamfutar motar tana lissafa lokacin da gadar ta ɗauka kafin ta haɗu. Idan an daɗe, matata lafiya take. Idan nan da nan ta haɗu, akwai yoyo, sai fitilar gargaɗi ta kunnu a gaban direba. Bayan kowane awo, wani ɗan hita da ke jikin na'urar yana ƙone kunkunniyar, a sake sabon lale.

Wasu daga cikin motocin tokunbo masu shan dizal da wannan na'ura suke zuwa mana. Sai dai man da sulfa ta yi masa yawa yana saurin toshe matata, wasu kuma sai su fasa ta su cire, su kashe fitilar gargaɗin a kwamfuta. Motar kan tashi, amma hayaƙin ya koma huhun jama'a.

Idan a gidanku akwai motar dizal, ku tambayi baba ko yayanku: ko matatarta na nan? Ku kuma leƙa bakin salansa bayan ta huce. Mai lafiyayyar matata ba a cika ganin baƙi a cikinsa ba.